Shafukan Kwatanta Kuɗin Jirgi: Tambayoyin da Matafiyan Gombe Ke Yawan Yi

A ɗakin jira na filin jirgin Gombe da ke Lawanti ba a rasa wannan hirar. Wani ya yanki tikitin Abuja tun makonni biyu da suka wuce, na kusa da shi jiya da daddare ya saya, kuɗin da suka biya ko kusa bai zo ɗaya ba, alhali jirgi ɗaya za su hau, ruwan gora iri ɗaya za a miƙa musu. Daga nan sai zance ya koma kan shafukan nan da ke jera wa mutum farashin kamfanoni a wayarsa. Wasu sun ɗauke su maganin tsada, wasu kuma na ganin sabuwar hanyar tatsar mutane ce kawai. Ga tambayoyin da suka fi fitowa.

Wai mene ne ainihin aikin waɗannan shafukan?

Iri biyu ne, kuma raba su yana da amfani tun kafin ka ciro katin banki. Akwai masu sayar da tikiti da kansu, irin su Wakanow da aka kafa a Legas a 2008, da Travelstart, da Expedia. Waɗannan su za ka biya, su ne kuma za su fitar maka da tikiti. Akwai kuma masu nuni kawai, irin su Google Flights da Skyscanner da Kayak. Su ba sa karɓar kuɗin tikitinka. Za su jera maka farashi, in ka zaɓa su tura ka wurin kamfanin jirgin ko wurin wani mai sayarwa, yawancinsu kuma suna samun la'adarsu ne daga wanda suka kai wa ciniki ko daga talla.

Farashin da suke nunawa ba su suke yanka shi ba. Suna ɗebo shi ne daga manyan rumbunan da kamfanonin jirage ke zuba kujerunsu da farashinsu, wato Amadeus da Sabre da Travelport, ko kuma kai tsaye daga kwamfutar kamfanin. Ejan ɗin da ke da ofis a cikin gari ma irin wannan rumbun yake leƙawa tun kafin a san wayar hannu. Abin da intanet ta yi shi ne ta juyo da allon ya fuskanci mai saye.

To sun sa tikiti ya yi sauƙi?

A hanyar da kamfanoni da yawa ke bi, sun taimaka ƙwarai. Mutum in ya ga jeri, idonsa a kan layukan sama yake tsayawa, kuma yawanci mafi araha ne a sama. Kamfanin da ya ɗara abokin gogayyarsa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba sai ya tsinci kansa can ƙasa inda ba kowa ke gangarawa ba. Wannan tsoron na faɗowa ƙasan jeri shi ke hana su sakin hannu a hanyoyi irin Legas zuwa Abuja, inda jirage ke tashi tun asuba har dare.

Misalin da kowa ya gani shi ne na Landan. A ranar 30 ga Maris 2024 Air Peace ya fara tashi daga Legas zuwa filin Gatwick, ya sa kujerar talaka, zuwa da dawowa, a kan naira miliyan 1.2, a lokacin da kamfanonin waje ke karɓar abin da ya haura haka nesa ba kusa ba. Ba a jima ba sai ga farashinsu yana saukowa, har shugaban Air Peace, Allen Onyema, ya fito yana kukan cewa karya farashi suke yi don su kore shi daga hanyar. Amma a lura: ba shafin kwatance ne ya kawo sauƙin ba. Sabon jirgi ne ya shigo, ga kuma Babban Banki ya fara sakin kuɗaɗen kamfanonin waje da suka maƙale. Aikin shafin shi ne ya sa mai neman tikiti a Tudun Wada ko Pantami ya ga bambancin a daren da aka yi shi, kamfanonin kuma suka san ya gani.

Ni kuwa duk sanda na duba Gombe zuwa Abuja ba na ganin wata araha. Me ya sa?

Saboda shafin ba ya haifar da gasa, nuna ta kawai yake yi in akwai ta. In jirgi ɗaya ne zai tashi daga Lawanti a ranar da kake so, ko shafi goma ka buɗe farashin kamfani ɗaya za su nuna maka, sai dai kowane ya ɗora ɗan nasa a kai. Kamfanoni irin su Arik da Air Peace da Max Air sun yi zirga-zirga a filayen Gombe da Bauchi a lokuta daban-daban, wani ya zo wani ya janye, amma ba a taɓa samun cunkoson jirage irin na Legas ko Fatakwal ba. Inda kujeru suka yi kaɗan, mai jirgi ne ke da bakin magana.

Sai kuma a dubi su wa ke cika jirgin. Jami'an gwamnati ne, da 'yan siyasa, da manyan 'yan kasuwa, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji masu aiki a Arewa maso Gabas. Da yawansu ofis ne ke biya, kuma taron da za su je ba zai jira farashi ya sauka ba. Kamfanin ya san haka sarai. Abokin gogayyarsa na gaskiya a wannan hanyar ba wani jirgi ba ne, motar Gombe Line ce da za ta bi da kai Bauchi, Jos, Akwanga, Keffi, ka wuni a zaune. Duk sanda hanya ta lalace ko aka shiga fargabar tsaro, hannun mai jirgi ya ƙara ƙarfi ke nan.

Akwai kuma wata matsalar ta daban: ba duk kamfanonin cikin gida ne ke bayyana a manyan shafukan waje ba, wani lokaci kuma su bayyana da farashin da ya sha bamban da na shafinsu. Don haka a tafiyar cikin gida, buɗe shafin kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya ya fi dogaro da jeri guda.

Kwatancen da ya fi yi wa ɗan Gombe amfani shi ne na filaye, ba na kamfanoni ba. Filin Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Durum a Bauchi bai wuce tafiyar kilomita kusan 150 da ɗoriya ba. Ga Yola, ga Jos, ga Kano ga mai tafiya ƙasar waje. Sai dai a yi lissafin da gaskiya: kuɗin mota ko mai, kwanan otal in jirgin na sassafe ne, da wahalar hanya. Sau da yawa in ka tara su sai ka ga rarar ta narke. Mai iyali mutum biyar ko shida shi ne wannan lissafin ya fi fisshe shi, domin rarar tana ninkuwa da yawan kujeru, kuɗin motar kuwa ɗaya ne.

Yaya za a yi jirgi ɗaya, kujera iri ɗaya, amma kuɗi daban-daban?

Da zarar an rufe ƙofar jirgi, kujerar da ba a sayar ba ta tafi ke nan, ba a ajiye ta sai gobe. Shi ya sa kamfani ke raba kujerun zuwa rukuni-rukuni, kowane da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Rukunin araha 'yan kujeru ne. In sun ƙare sai na sama da shi ya buɗe, haka har a kai ga na ƙarshe, wanda aka tanadar wa mai gaggawar da zai biya ko nawa ne. Kwamfuta ce ke lura da saurin cikar jirgin, tana kwatanta shi da yadda ya cika a irin wannan ranar a baya, tana buɗe rukuni tana rufewa.

Wannan dabara ta girmi intanet. A 1978 Amurka ta cire hannun gwamnati daga yanka kuɗin jirgi, sai ƙananan kamfanoni masu araha suka ɓullo, fitacce a cikinsu People Express. A 1985 American Airlines ya mayar da martani: ya ware wasu kujeru a kowane jirgi ya sayar da su a farashin da ya yi daidai da na masu arahar, da sharaɗin a saya da wuri, sauran kujerun kuma ya bar su da tsadarsu. People Express bai daɗe ba bayan haka, a 1987 aka narkar da shi cikin Continental. Tun daga nan kusan kowane kamfani a duniya ya rungumi tsarin.

A nan gida ba sai an gaya maka lokutan da rukunin araha ke saurin ƙarewa ba: jajibirin Sallah ƙarama da babba, ƙarshen Disamba, ranakun babban taron jam'iyya ko bikin 'ya'yan manya, da jirgin Juma'a daga Abuja da na komawa Lahadi ko Litinin.

An ce in ka yawaita duba hanya ɗaya, shafin zai gane ka matsu ya ƙara maka kuɗi. Haka ne?

Abin da ya fi faruwa ya fi wannan sauƙi. Ko dai kujerun rukunin da ka gani da safe sun ƙare kafin la'asar, ko kuma shafin tsohon farashi ya nuna maka daga abin da ya ajiye, sai da ka danna ya je ya tambayo na yanzu. Yawan kujerun da ka nema ma yana canza lissafi: in kujera biyu ta rage a rukunin araha kai kuma ka nemi huɗu, sau da yawa duka huɗun za a ba ka a farashin rukunin sama. Gwada neman ɗaya ka gani. Ƙasar da ake sayar da tikitin da irin kuɗin da za a biya su ma suna sa farashi ya bambanta.

Su kamfanonin ba sa kallon waɗannan shafukan?

Sun fi ka kallo, kuma a nan ne lamarin ke da baki biyu. Ka ɗauki kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe: mai saye yana zagayawa yana tambayar kuɗin buhun masara, amma masu sayarwar ma kunnensu na kan juna. In kowa ya san cewa da ya rage ɗari biyar maƙwabcinsa zai rage nan take, to ragin ba zai kawo masa ƙarin ciniki ba, asara kawai za su raba. Sai kowa ya zauna a inda yake. In kuma babba a cikinsu ya ƙara, saura su bi shi ba tare da an yi zama an ƙulla komai ba. Kamfanonin jirage suna da manhajojin da ke bibiyar farashin juna dare da rana, abin da a da sai an kwana biyu kafin a ji.

Hukumomi sun daɗe da sanin wannan haɗarin. A 1992 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai manyan kamfanonin jiragen ƙasar kotu, tana zarginsu da amfani da rumbun wallafa farashi da suka mallaka tare wajen yi wa juna ishara: wani ya sanar da ƙarin da zai fara aiki nan gaba, ya jira ya ga ko saura za su bi, in ba su bi ba ya janye. An sasanta shari'ar da sharaɗin su daina.

Mu ma mun ga makamancin haka. A Fabrairun 2022 kamfanonin cikin gida kusan a lokaci guda suka mayar da mafi ƙarancin kuɗin tikitin tafiya ɗaya naira 50,000. Hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ƙarƙashin Babatunde Irukera a lokacin, ta buɗe bincike kan ko haɗa baki aka yi. Ƙungiyar kamfanonin, AON, ta musanta, ta ce tsadar mai ce ta tilasta wa kowa. Ko ma mene ne, duk wanda ya buɗe shafin kwatance a makon ya ga lamba ɗaya tun daga sama har ƙasa, kwatancen bai tsinana masa komai ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ba za a hana shafukan yabonsu ba. Sabon kamfani da ba shi da ofis a kowane gari, ba shi da kuɗin talla a rediyo da talabijin, in ya samu shiga jeri yana iya bayyana a saman wanda ya shekara talatin a harkar. A da wannan ba ya yiwuwa.

Jerin da ake nuna mini, tsakani da Allah aka tsara shi?

Wannan rigima ce tsohuwa. Sabre, wanda American Airlines ya gina tare da IBM, an kama shi yana sa jiragen mai gidansa a saman allon ejan-ejan, domin an lura yawancinsu daga shafin farko suke zaɓa. Sai da hukumar jiragen Amurka ta haramta hakan a 1984.

Yau salon ne ya canza. Shafuka da yawa ba da mafi araha suke buɗewa ba, da abin da suka kira mafi dacewa suke buɗewa, kuma su suka san ma'aunin da suka yi amfani da shi. Wasu layukan talla ne da aka biya, da ɗan ƙaramin rubutu a gefe. Sannan shafukan da kake gani kamar masu zaman kansu, da yawa mallakar manyan gidaje ne: Kayak na hannun Booking Holdings, Skyscanner kamfanin Ctrip na China ya saye shi a 2016, Google kuma sai da ya sayi ITA Software a kan dala miliyan 700 kafin ya buɗe Google Flights a 2011.

Kamfanonin jirage su ma ba son dillalan suke ba. Southwest na Amurka ya shafe shekaru yana ƙin bari a jera farashinsa a irin waɗannan shafukan. Lufthansa a 2015 ya ɗora yuro 16 a kan duk tikitin da aka yanka ta manyan rumbunan nan, don ya janyo mutane zuwa shafinsa. Saboda haka ka mayar da jerin kan mafi araha da hannunka, in ka ga wanda ya kwanta maka ka je shafin kamfanin jirgin ka ga nawa yake a can.

Na ga tikitin Umra mai arahar gaske. Akwai wani abu a ƙasa?

Sau da yawa akwai. Tunda lambar farko ce ke kai kamfani saman jeri, sai suka koyi rage ta ta hanyar zare abubuwa daga cikin tikitin. A 2008 American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan jakar farko da aka auna, saura suka bi. Yanzu akwai tikitin da ba shi da awon kaya ko kilo ɗaya sai jakar hannu, ba zaɓen kujera, ba canjin rana, ba mayar da kuɗi. Tarayyar Turai ta wajabta tun 2008 a nuna cikakken farashi da harajinsa tun farko, amma kaya da kujera ana lissafa su a matsayin zaɓi, don haka ba dole su shiga lambar ba.

Ga mai Umra wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wa ya taɓa ganin Hajiya ta dawo daga Makka da jakar hannu kaɗai? Ga dabino, ga jallabiyoyi da abayoyin tsaraba, ga galan ɗin zamzam mai lita 5 wanda kowane kamfani da nasa ƙa'idar a kansa. Kilon da aka saya a filin Jidda ana tsaye a layi ya fi wanda aka saya tun a gida tsada sosai. Araha ba ta ado.

A duba zango kuma. Daga Kano ana samun jiragen da ke bi ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, kuma zaman awa uku da na awa goma sha huɗu ba ɗaya ba ne ga dattijo mai azumi. Mafi haɗari shi ne inda shafi ya haɗa maka tikiti biyu na kamfanonin da ba su da alaƙa ya nuna su kamar tafiya ɗaya. In na farko ya makara ka rasa na biyu, babu wanda zai ɗauki nauyinka, kuma wataƙila sai ka karɓi kayanka ka sake aunawa a ƙasar da ba ka da bizar shiga. Wannan ya shafi har wanda ya yanki Gombe zuwa Abuja daban, Abuja zuwa waje daban. A lokacin hunturu, da hazo ke hana jirage sauka a filayen Arewa, kwana ɗaya a tsakani ba ɓarna ba ce. Goman ƙarshe na Ramadan kuwa, babu shafin da zai samo maka araha.

In ba shafukan ba, me ke yanka farashi a Najeriya?

Mai da dala. A Mayun 2022 AON ta yi barazanar dakatar da tashi gaba ɗaya, ta ce litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Hayar jirgi, kayan gyara, inshora, babban garambawul da ake kai jirage waje a yi musu, horar da matuƙa, duk da dala ake biya, tikitin kuma da naira ake sayarwa. Da aka saki naira kasuwa ta yanka darajarta a Yunin 2023, duk waɗannan suka ninka. A kan haka ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin tikiti da ke tafiya ga hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ga kuɗin filin jirgi.

A tafiyar waje abin ya fi fitowa fili. Lokacin da kuɗin kamfanonin waje da ya maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800 a 2023, da yawansu suka rufe rukunan araha ga masu saye daga nan, Emirates ma ya daina zuwa tun ƙarshen 2022, bai dawo ba sai Oktoban 2024. A wannan tsakanin mutum zai ga farashi mai sauƙi a shafin waje, ya je saye da naira ya tarar babu shi.

Ejan ɗinmu na cikin gari fa, kwanansa ya ƙare?

Bai ƙare ba, amma cin da yake yi a duhu ya ragu, tunda abokin cinikinsa yana iya duba waya kafin ya shigo ofis. Kamfanonin jirage a duniya sun daɗe da zaftare kamashon da suke ba ejan, shi ya sa da yawa suke ɗora kuɗin hidimarsu a fili, kuma ba laifi ba ne in an faɗa maka nawa ne. Ga mai Umra da ke buƙatar biza da masauki, ga ayarin mutum ashirin, ga wanda katinsa na naira ya ƙi wucewa a shafin waje, ga dattijon da yake son wanda zai kira da Hausa ko Fulatanci in abu ya rikice a Addis Ababa da tsakar dare, ejan na gari ya ci kuɗinsa. Aikin Hajji dama ba ya cikin wannan lissafin: hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da ta jiha ke tsara jirage, kuɗin jirgin yana cikin kuɗin kujera.

Abin tsoro su ne masu tallar tikitin rabin kuɗi a WhatsApp da Facebook. Wasu kujera kawai suke kamawa ba tare da sun biya ba, su turo maka takarda mai kama da tikiti, bayan sa'o'i kamun ya faɗi. Ka karɓi lambar bukin mai harufa shida, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka tabbatar sunanka ya fito kuma akwai lambar tikiti mai alƙaluma 13. Ka tambayi ejan ko yana da rajistar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ko yana cikin ƙungiyar ejan-ejan tafiye-tafiye ta Najeriya, NANTA.

In an soke jirgin, wa zan bi kuɗina?

Wanda ka biya. In a shafin kamfanin jirgin ka saya, kai da su ne kai tsaye. In ta hannun wani shafi ko ejan ne, kamfanin zai ce ka koma can, domin ta hanyar da kuɗin ya shigo ta nan yake komawa, wani mai sayarwar kuma sai ya cire kuɗin hidimarsa kafin ya miƙo maka saura. Wannan ne ya sa in bambancin farashin bai taka kara ya karya ba, saye daga kamfanin ya fi kwanciyar hankali, musamman a hanya irin ta Gombe da in an soke jirgin yau ba lalle a samu wani sai gobe ko jibi ba.

Sashe na 19 na dokokin NCAA shi ya tanadi haƙƙin fasinja kan jinkiri da soke tashi da mayar da kuɗi, kuma ya sa wa'adin kwana 14 na mayar da kuɗin tikitin da aka biya ta intanet. Hukumar tana da sashen karɓar ƙorafi, FCCPC ma tana karɓa. Ka ajiye rasit, da saƙon da aka turo na sokewar, da hoton sharuɗɗan tikitin kamar yadda suke a ranar da ka saya, domin su za a fara tambayarka.